Jarkar Zamzam da Abu Markub

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Safa ta Jidda, ni da dattijon nan ɗan Cadi mai kula da lambun kafilina, wato uban gidan da ya tsaya mini nake aiki a ƙasar. A bayan motar akwai keji, a cikinsa wani tsuntsu da ya kai mini ƙirji, toka-toka, baki kamar ƙaton takalmin katako. Larabawa na ce masa Abu Markub. Daga fadamun Sudan ta Kudu aka kawo shi, zafin Jidda ya hana shi cin abinci, shi ne aka ce mu kai shi gona a Ɗa'if, can kan duwatsu inda ake sanyi. Kafili bai ɓoye mini ba: in ya mutu a hannuna, iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ta mutu.

Mun karya da gurasar tamis da waken ful a bakin hanya. Na miƙa wa fasinjan namu kifi, ya dube ni kamar na zage shi. Dattijo ya ce haka suke a fadama, sai su wuni tsaye ba motsi, har kifi ya taso shan iska su rufta masa.

A Makka na ciko jarkar Zamzam ta Inna, wadda ke kwance ba lafiya can ƙasarmu. Akwai mai Umara da zai tashi a daren, ya yi alkawarin kai mata.

Muna tsakiyar hawan dutsen Hada hanya ta cushe, an yi hatsari a gaba. Nan na'urar sanyin motar ta mutu. Dutse a dama, rami a hagu, ba kanti, sai birai a kan shinge. Ruwan shanmu ya ƙare tun a ƙasa. Da na leƙa baya, tsuntsun ya durƙushe, baki a buɗe, maƙogwaro na rawa.

"Yalla, maza ɗana, kawo jarkar nan," in ji dattijo.

"Baba, Zamzam ne fa. Na Inna."

"Na sani. Uwarsa ma da baki take ɗebo ruwa ta zuba masa in rana ta yi zafi. Kuma ruwan nan, ai don jariri mai ƙishi aka fito da shi."

Na ɗauko jarkar na buɗe. Muka riƙa zuba masa kaɗan-kaɗan, a ka, a baya, a ƙafafu, har jarka ta ƙare. Can sai ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya kaɗa bakin nan kakakaka kamar bindiga. Direban motar gefenmu ya kwanta a kujera, birai suka watse.

Mun miƙa shi da ransa, muka dawo Jidda bayan magariba da jarka fayau. Na gane ashe ni da tsuntsun nan duk baƙi ne a hannun mutum ɗaya, kuma shi ko waya ba shi da ita.

Na kira Inna na faɗa mata komai, kunya ta ishe ni. Sai ta ce, "To, ya sha kuwa, ko zubawa kawai kuka yi?"