Ƙofar Kejin Da Aka Tura Da Ƙafa

Edita, sallama gare ki da masu karatu. Ki sakaya sunana, domin yawancin mutanen da ke cikin labarin nan suna raye, ɗayansu ma har yau tuwona yake ci.

A shekarun da tashin hankali ya yi ƙamari a arewacin jiharmu, ni malamar firamare ce a Jimeta, muna zaune a Jambutu a gidan kanmu da ba a gama gininsa ba, katangar ma ko kafaɗar namiji ba ta wuce ba. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, yaranmu duk ƙanana. Abu biyu aka san ni da su, tsabta da baki. A makaranta ko hedimasta sai ya shirya kafin ya taka ni, amma a gida, in maigida ya ɗaure fuska, sai bakin nan ya mutu murus. Ku riƙe wannan, domin shi ya ci ni.

Lokacin kowa a tsorace yake. Yau a ce abu ya tashi a tasha, gobe a kasuwa, maza su dawo daga majalisa da labarin da zai hana ka cin abinci. Sai maigidana ya ce kare za mu ajiye, tunda malamai sun ce na gadi ya halatta. Ban musa ba, ni ma tsoron nake ji. Maƙwabciyarmu, wata Kirista 'yar Numan da muke mutunci, karyarta ta haihu, ta ce in zo in zaɓi ɗan kwikwiyo kyauta. Irin karnukan gida ne, jajaye masu tsinin kunne, da rana suna kwance a gindin mangwaro yara na tsallake su, baƙo kuwa ya doso su cika unguwa da haushi. Da na gaya wa maigidana sai ya kwashe da dariya, ya ce waɗannan karnukan bola ne, ƙafa ɗaya ɓarawo zai sa musu. Shi irin na abokin aikinsa yake so, wanda in ya yi haushi ake ji a layi na gaba. Aka haɗa shi da wani dillalin karnuka a Jos, dillalin ya ce akwai wani, irin da ake kira Kokeshiyan, babba ne, ya riga ya iya aiki. Babu wanda ya tambaya me ya sa mai shi na farko ya rabu da shi.

Ranar da aka sauke shi daga mota sai da na yi salati. Jibgegen abu ne kamar ɗan maraƙi, gashi cunkus har ba a ganin idonsa sosai. Kare ne na ƙasar sanyi, aka kawo shi Yola, inda a watan bazara ko mutum mai fanka sai ya fito waje neman iska. Aka ƙera masa keji na ƙarfe da rufin kwano a bayan kicin. A nan ni ma na zuba nawa. Na kafa doka cewa kada ya taɓa komai nawa, kwanonsa daban, bokitinsa daban, duk abin da yawunsa ya taɓa wanki bakwai ne, yaro kuwa ya matsa kusa da kejin jikinsa ya gaya masa. Dillalin kuma ya bar mana tasa shawarar, wai kada a bari ya ga mutane da rana, a riƙa zuba masa barkono a abinci, haka ne zai yi zafi. Dokata da shawararsa suka yi daidai kamar an auna. Sai ya zama muna gida ɗaya da dabbar da ba ta san ƙanshin kowa ba sai na maigida mai ba ta abinci. Yini yake yana haki a ƙarƙashin kwano mai zafi, harshe a waje, yana cizon ƙarfe. Ya taɓa kashe mini kaza ta tsakanin sandunan kejin, ya taɓa yaga wa mai ruwa wando, maigidana kuwa sai ya kai labarin majalisa yana alfahari.

Ana cikin haka aka tarwatsa Mubi. Yayata da ke aure a can, wadda nake kira Adda, ta iso mana da 'yarta ƙarama da ba ta daɗe da shiga firamare ba. A ƙafa suka ratso daji, ƙafafun Adda sun kumbura har takalmi ba ya shiga, mijinta kuwa tun a hanya suka rabu, har yau babu labarinsa. Yarinyar ta zo ba ta magana. Ka kira ta ta kalle ka, ka ba ta abinci ta ci, shi ke nan. Abu ɗaya ne ke jan hankalinta, karen nan. Ashe a gidan kakarta akwai wani karen gida da suka saba, suka gudu suka bar shi. Sai ta tsuguna daga nesa tana yi wa namu magana ƙasa-ƙasa, ita da ba ta ce wa mutum uffan. Adda ta sha janye ta da duka. Ni kuma na sami maigidana a ɗaki na roƙe shi ya mayar da karen, na ce gida ya cika da yara, wannan ba irin zama da iyali ba ne. Ya ce yanzu ma aka fi buƙatarsa, kuma dangin mata ba za su zo su tsara masa gida ba. Na haɗiye na fito.

Ranar wata Juma'a ce. Maigida ya yi wanka, ya yi alwala, ya sa farar shadda ya fesa turare, ya makara kuma, domin lokacin sai an yi layi an laluba kowa kafin ya shiga masallaci. Har ya kai ƙofa sai ya tuna karen ba shi da ruwa. Ya koma ya tura masa bokiti ciki. Sakatar kejin kullum jiƙe take da yawu, don a nan karen ke cizo. Ina tsaye a tagar kicin ina tsame shinkafa, da idona na ga ya kalli hannunsa, ya kalli sakatar, ya tattare riga, ya sa ƙafa ya tura ƙofar, ya ɗan taɓa sakatar da bakin takalmi ya juya. Na ce a raina bari in sauke tukunya in nemo sanda in ƙarasa tura ta. Ni ma fa ƙyamar taɓawa nake yi.

Ban kai ga sauke tukunyar ba na ji ƙarar ƙarfe, sannan ihun Adda. Na fito na tarar karen ya danne yarinyar a tsakar gida, ƙanzon da ta kawo masa a warwatse, Adda na dukansa da taɓarya kamar tana dukan bango. Gidan babu namiji, layin ma babu, duk suna masallaci, wayar maigida kuma a kashe. Mijin maƙwabciyarmu Kiristar nan ne, tsohon soja, ya haura katanga da rodi a hannu. Sai da ya kashe karen kafin bakinsa ya saki. Muka naɗe yarinyar a zanena, muka fita neman keke mai ƙafa uku, hanyoyi a toshe saboda sallar Juma'a, mai keken ya yi ta zagaye da mu ta lungu yana salati, jini na ɗiga a ƙafarsa. Likitoci sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu. An ɗinke fuskar daga kunne zuwa gefen baki, aka yi ta allurai, kunnen hagu kuwa rabinsa ya tafi.

Maigidana ya iso asibiti da farar shaddarsa ko ɗigo babu. Ya tsaya a bakin gado, a gaban Adda da 'yan dubiya, ya ce shi ya kulle kejin da hannunsa kafin ya fita, yarinyar ce ta zare sakata, an kuma sha gaya musu kada a je wurin. Ya faɗa ba tare da ya kalli inda nake ba. Adda ta juyo ta dube ni. Ni da hedimasta ke shakka, na sunkuyar da kai ina gyara ledar magani. Na yi tunanin aurena, na yi tunanin 'ya'yana, na yi tunanin abin da dangi za su ce, na yi shiru. Yarinyar kuwa ba ta magana, balle ta kare kanta.

Da aka sallame su Adda ba ta sake kwana a gidana ba. Ta ce ta gode da ɗawainiya, amma ba za ta zauna 'yarta na jawo wa mutane asara ba. Ta gwammace tabarma a wata makaranta da aka tara 'yan gudun hijira, ga 'yar uwarta da ɗaki da katifa a gari ɗaya. Da hanya ta buɗe suka koma Mubi. Zumuncinmu ya koma gaisuwar Sallah a waya. Ina ji daga bakin dangi cewa duk laifin da yarinyar ta yi, Adda sai ta goranta mata, ta ce rashin jin da ya cinye mata fuska bai ishe ta ba. Ina ji ina ƙunar zuci, amma ban ɗaga waya na faɗi gaskiya ba. Kullum sai in ce gobe. Shi kuwa gogan naku ko a jikinsa, in an tuna zancen sai ya ce ƙaddara ce, wani lokacin har ya ƙara da cewa irin karen nan yanzu ba a samunsa.

Bana yarinyar ta zo Yola jarrabawar shiga kwaleji, dole ta sauka a wurina. Ta zama budurwa, doguwa, mai hankali, maganarta ta dawo, sai dai kullum hijabinta a jaye yake ta gefen hagu, in za ta yi dariya sai ta sa hannu ta kare. Da maigida ya dawo daga ofis ta je gaishe shi. Ina zaune a wurin ta durƙusa har ƙasa, ta ce Baba ya yafe mata, ta daɗe tana son ta roƙe shi, ita ce ta buɗe keji ta sa aka kashe masa karensa mai tsada, ta kuma raba uwarta da 'yar uwarta. Na zuba masa ido. Na ce a raina yau dai kunya za ta kama shi. Bawan Allahn nan ya gyara zama, ya ce ba komai, ya wuce, yarinta ce, Allah ya yi mata albarka. Sannan ya tambaye ni ko abinci ya sauka.

Washegari na raka ta tasha. A cikin keke na gaya mata komai, da shaddar, da takalmin, da tagar kicin, da ledar maganin da na yi ta gyarawa. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ita sai ta kira ni Yapendo, yadda 'ya'yan yaya ke kiran ƙanwar uwa a wajenmu, ta ce ta yi shekaru tana ƙoƙarin tuna lokacin da hannunta ya taɓa sakatar nan ba ta iya ba, har daga baya ta fara ganin abin a mafarki, sai ta yarda ta yi. Ta ce kada in gaya wa uwarta, tana da hawan jini, in ta san a kan ƙarya ta yi ta dukan marainiya ba za ta ɗauka ba. Na ce to ni fa, ta yafe mini? Ta ce in ba ta lokaci. Ta karɓi jakarta ta shiga mota, ba ta leƙo ta taga ba.

Masu karatu, ban rubuto don a tausaya mini ba, ban cancanta ba. Ban kuma ga laifin karen ba, mu muka ɗauko shi daga inda ya dace da shi, muka gasa shi a keji, muka ba shi barkono, muka hana shi sanin mutanen gidan, sannan muka yi mamaki da ya ɗauke su abokan gaba. In tsoro ya sa za ku ajiye kare a gidan da yara ke yawo, kada ku zaɓa don girma ko don a ji labari a majalisa. Ku nemi ƙarami wanda zai tashi yana ganin yaranku, irin da ya saba da zafin garinku, ku ga uwarsa da halinta, ku tambayi likitan dabbobi, ba dillali ba. Babban kare da wani ya rabu da shi, ku tambaya me ya raba su. In kun san zuciyarku ba za ta bari ku kusance shi ba, ko sakatar kejinsa ba za ku iya kamawa da hannu ba, to ku haƙura ku ƙara tsayin katanga. Hannu dai ruwa ke wanke shi.

Ku kuma 'yan uwana mata, in abu ya faru a gaban idonku, ku faɗa a ranar, ko da aure zai girgiza. Ni na tsare nawa auren, ga shi nan ina ciki, ina zuba wa mutumin nan abinci ina kallon ƙafarsa. Yarinyar ta ci jarrabawar, a bakin dangi na ji. Na kira ta in yi mata barka ba ta ɗauka ba, na sake kira ba ta ɗauka ba, kuma ban ga laifinta ba.