Malamar da Ta Juya Aji Huɗu

Tun kafin mai gadi ya gama share bakin ƙofa take isowa, jaka a hammata. Ta buɗe tagogin aji huɗu, ta goge allo, ta rubuta darasi da manyan baƙaƙe, sannan ta tsaya a ƙofa tana amsa gaisuwa. Wanda ya shigo da majina ta miƙa masa hankici, wanda ya shigo da ƙarya kuwa kallo ɗaya ya ishe shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye alli. Yara na ce mata Malama Tabarau, ita da ba ta taɓa ɗora tabarau a hancinta ba. Masu shirya fim da ke ta yawon neman jarumi mai tsallake motoci, ku matso ku ji asalin sunan.

Shekaru da dama da suka wuce, dokar makarantar ita ce a zaunar da yara bisa sakamakon jarrabawa: na ɗaya a bencin gaba, na ƙarshe can jikin bangon baya. A bencin ƙarshen akwai 'yar wani kafinta, yarinya marar magana, wadda ta maimaita ajin sau biyu. Hedimasta ya rubuta takardar sallamarta, ya aika a kira uban.

Kafinta ya zo da garin katako har a gira. Ya tarar Malama ta riga shi shiga ofis.

"Malama, kada ki wahalar da kanki," in ji shi. "Kan nan nata katako ne, ni kuwa na san katako. Gara ta zauna gida ta taya uwarta aiki."

Maganar ta yi wa Malama zafi. Ta sha ganin in ta karanta labari da baki, yarinyar nan kan maido shi tsaf, amma abin da ta kwafa daga allo sai ka ce kaza ta yi tono.

"Ranka ya daɗe, a ba ni zango ɗaya," ta ce wa hedimasta.

"Zango ɗaya. In ta sake zuwa ta ƙarshe, da hannuna zan miƙa masa takardar."

Da aka tashi, Malama ta tsayar da yarinyar a bencinta, ta rubuta kalma ɗaya ƙatuwa a allo. "Karanta mini."

"Malama, ai ba ki rubuta komai ba."

Malama ta dubi allon, ta dubi yarinyar. Ta riƙa matso da ita benci bayan benci. Sai a na biyu daga gaba yarinyar ta ƙanƙance ido, ta karanta ba gargada. Ashe ba ta gani ne! Duk faɗuwar da ta yi sai a ƙara tura ta baya, duk turawar da aka yi sai allo ya ƙara ɓace mata. Kuma su malamai ne suka yi mata haka da hannunsu, har da ita Malamar. Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya.

Ta roƙi a dawo da yarinyar gaba, hedimasta ya ce doka ba ta san ido ba. To, shi ke nan. Ranar hutu ta zo da gwangwanin baƙin fenti, ta shafe bangon baya ya zama allo, ta juya bencina talatin ita kaɗai. Da hedimasta ya leƙo washegarin hutu, sai ya ga ƙeyar yara.

"Wa ya juya mini aji?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Dokarka na nan daram, ban ɗaga kowa daga bencinsa ba."

Ya juya ya fita. Gwanayen ajin suka yi ta ƙunƙuni, ta ce su ma su ɗana zaman baya su ji.

Sati biyu tana sintiri a shagon kafinta kafin ya yarda ya ajiye zarto su je asibitin ido. Da aka sa wa yarinyar tabarau, ta daɗe tana kallon uban, sannan ta ce, "Baba, ashe kana da furfura?"

Ƙaton mutum ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Can ya ce, "Malama, ni ne katakon."

Jarrabawa ta zo, ta wuce. Cikin yara sittin da biyu, 'yar kafinta ta zo ta tara. Ta tara! Uban ya riƙe takardar sakamako yana bin aji-aji yana nuna wa kowa, har da mai kaɗa ƙararrawa. Hedimasta ya yage takardar sallama a gaban malamai, ya soke zama bisa sakamako. Tun daga shekarar, duk yaron da ya shigo aji huɗu sai Malama ta gwada idonsa, kuma masu matsalar ido da ta gano sun haura arba'in. Yarinyar nan yau ita ke duba jini a ɗakin gwaji na asibiti, tana gano ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani.

Malama, ke ce kika ga laifin manya a inda kowa ke ganin laifin yaro, kuma kika fara da naki. Ke ce mai taurin kai a kan 'ya'yan wasu. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki huta lafiya. Ku kuma malamai da iyaye, gobe da safe akwai yaron da za ku ce ba ya ja. Kafin ku faɗa, ku kira shi gaba ku tambaye shi me yake gani.