Safar Inna Magnhild

A ƙauyenmu na bakin mashigin teku, in aka ce "Mai Safa" babu wanda zai tambaya ko wane ne. Sjur ne, mutumin tsallaken ruwa da ya auri Gunnvor, wanda wata shekara ya dafa giyar Kirsimeti ta fito jawur, tana ƙanshin tunkiya.

Tun ranar ɗaurin auren, Oddvar, yayan Gunnvor, bai ƙaunace shi ba. In sun haɗu a hanya, gaisuwar ba ta wuce ɗaga haɓa. Abin da ya ƙara hura wutar kuwa tukunya ce, babbar tukunyar tagulla ta marigayi uban gidan, wadda su biyun ke dafa giya a ciki bi da bi. Tsohuwa Magnhild, mahaifiyar Oddvar da Gunnvor, ta riga ta faɗa cewa ta gaji da ganin ana jan tukunyar daga wannan gida zuwa wancan. Bana za ta ɗanɗana giyar kowa, ta bar wa mutum ɗaya tukunyar. Sjur bai taɓa mallakar komai nasa na kansa a ƙauyen ba, gona ta matarsa ce, kwalekwale ma aro ne. Tukunyar nan yake so.

To, tukunyar tana da 'yar rakiya, wata rariya mai zurfi da ake ratayawa a ciki lokacin tafasa. A nan ake zuba furen hof mai sa giya ɗaci, don kada ya watse ya toshe komai. Da layin Sjur ya zo, Oddvar ya aiko tukunya babu rariya.

Sjur ya bar ruwan tsiron sha'ir a kan wuta, ya ratsa dusar ƙanƙara ya je ƙofar surukinsa.

"Rariyar fa?"

"Wace rariya?" in ji Oddvar, yana sakace haƙori. "Ku can tsallake ba da gemu kuke tacewa ba?"

"Tukunya na tafasa, Oddvar."

"To ka tsaya nan kana kallona, sai ta ƙone."

Sjur ya koma yana huci. Idonsa ya faɗa kan igiyar shanya kusa da murhu, ga doguwar safar ulu ja, wankakkiya. Ya cusa furen a ciki, ya ɗaure bakin, ya jefa. Ta tace kuwa, tas, ko ɓurɓushi bai fita ba. Rinin ne kawai ya bi giyar.

Ranar ɗanɗano maƙwabta suka cika ɗakin ƙasa na gidan Sjur, akushin katako yana zagayawa hannu zuwa hannu. A wurinmu ba a kushe giyar mutum a gabansa, shiru ake yi. Ba a taɓa yin shiru irin na ranar ba. Oddvar ne ya fasa shi.

"Mijin Gunnvor, tunkiyar da ka dafa, ka yanka ta tukuna, ko da ranta ka saka?"

Magnhild ta kurɓa, ta ɗaga akushin wajen haske, ta daɗe tana duban launin.

"Wannan jan na san shi," ta ce. "Ni na rina. Sjur, ina safata ta hagu?"

"Tana nan, Inna. Ta ɗan motse."

"Me ya hana ka rariya?"

Kai ƙara wurin suruka ba halin Sjur ba ne, ko ƙarar maƙiyi. Tsohuwar ta juya ta dubi ɗanta, wanda dariya ta fara maƙale masa a wuya.

"Giyarka ta fi tasa, Oddvar, nesa ba kusa ba. Amma tunda rariyar ta shiga ranka har ba ka iya rabuwa da ita, riƙe abarka. Tukunya ta zauna inda take."

Har yau ba sa ga maciji. Oddvar ya hana Sjur rariya, Sjur ya hana shi tukunya, Gunnvor kuma duk kaka sai ta saƙa wa mijinta doguwar safa fara, wadda ba a rina ba. Kwanan baya a bakin kanti Oddvar ya ɗaga murya don kowa ya ji:

"Mai Safa, bana ƙafar wa za mu sha?"

Sjur ya gyara hularsa, bai ko tsaya ba.

"Ta wanda ya samu gayyata. Kai dai ka ci gaba da tace ruwan sama."