Busasshen Wuri a Cikin Yayyafi

Jama'a, abin nan da zan faɗa muku ba a majalisa na ji shi ba, wallahi tallahi ni ya faru da ni, da rana kata, idona biyu, shekarun baya lokacin da nake sarin gyaɗa a ƙauyukan Tuboro ina kawowa Garwa.

Mai masaukina a can wani dattijo ne, Baba Matiyu, Kirista, cikin mutanen dutse da suka sauko neman ƙasar noma. Hausarsa ta kasuwa, Fulatancina gurgu, haka muke haɗawa mu yi ta hira. Mutumin kirki ne, sai dai hannunsa rariya, ko irin shukarsa ka roƙa zai juye maka. Shi ya sa kowace kaka matarsa Mama Rut take zaɓen dawa mai kyau, ta cuɗa da toka saboda ƙwari, ta zuba a tulu ta liƙe baki da laka, ta binne inda bai sani ba. In na tsokane ta sai ta ce, "Ɗana, in na bar wa tsohon nan, ko ƙwaya ba za ta ga damina ba."

To shekarar nan damina ta yi wasa da hankalin mutane. Wanda bai taɓa noma ba ba zai gane ba, yayyafi iri biyu ne. Na tsakiyar damina albarka ne, yana ratsa ƙasa a hankali, ba ya kwashe taki, dawa ta yi ta sha. Na farkon damina kuwa mayaudari ne, saman ƙasa kawai yake jiƙawa, ka tona da yatsa ka ji ƙura a ƙasa, iri ya tsiro, rana ta buɗe ta ƙone shi. Mutane suka gaji da jira suka shuka a kan yayyafi, ya ƙone, suka sake, ya sake ƙonewa, har iri ya ƙare a ƙauyen kakaf. Labari ya iske ni a Garwa wai Baba Matiyu ma ba shi da na shuka, in babban ruwa ya sauka hannunsa wayam, shi da jikokinsa sai yunwa. Har dariya na yi, na ce ai Mama Rut tana nan.

Na isa da hantsi a kan moto, wato babur, ana yayyafi yaf-yaf, gabas kuwa ta haɗa hadari baƙi ƙirin. Na biyo ta bayan gida, sai ga Mama Rut tsaye kusa da tsohon turken awaki. Na ce, "Sannu Mama, jam na? Ki shiga mana, sanyi zai kama ki." Ba ta amsa gaisuwata ba, abin da ba halinta ba, sai ta ce, "Ɗana, ka ce masa ya zo nan kafin babban ya sauko." Muryarta ce sak. Rigata ta manne a jikina, zanenta kuwa ko ɗigo babu, na lura sarai amma ban kawo komai a raina ba.

Na tarar da Baba Matiyu zaune a ƙofar ɗaki, ya rame ya zama abin tausayi. Na ce, "Baba, Mama na kiranka a bayan gida." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, ban san ka da irin wannan wasa ba." Ashe tun bazara ta rasu, zazzaɓi ya kayar da ita farat ɗaya, bakinta ya rufe, ta tafi ba ta faɗi inda tulun yake ba, shi kuma ya tone gidan nan lungu-lungu bai samu ba. Innalillahi! Na rantse masa da Allah na maimaita abin da ta ce, sai ya zari fartanya muka zagaya bayan gida.

Ba kowa a wurin. Amma ƙasa duk ta jiƙe ta yi duhu, ban da daidai inda na bar ta tsaye, wani ɗan wuri kamar faɗin faifai, busasshe ƙamas, muna kallo ɗigon farko ya fara sauka a kansa. Ya kafa fartanya, bai yi nisa ba muka ji ƙwas, bakin tulu. Muna ciro shi ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, wanda da mun yi jinkiri kaɗan da ya shafe wurin.

Na zaci murna zai yi. Ina! Ya durƙusa cikin taɓo ya rungume tulun yana kuka, yana cewa, "Tun muna kan dutse muke tare, me ya sa ba ta jira ni ba? Ko sau ɗaya in gan ta." Wallahi ni ma kukan na yi.

Washegari ya yi shuka, kuma kun san hali zanen dutse, sai da ya raba wa maƙwabta rabi yana cewa Rut ta yafe masa. Dawa ta yi, jikoki ba su kwana da yunwa ba.

Na tambayi malamai a Garwa, shi ma ya tambayi fastonsu, kowa da abin da ya faɗa, ni dai Allah ne masani. Shawarata, in kun adana wani abu saboda iyali, ku faɗa wa ko mutum ɗaya tun bakinku na motsi, ba kowa ake bari ya dawo ba. Baba Matiyu kuwa, har Allah ya karɓi ransa, da an fara yayyafi sai ya zagaya bayan gida ya tsaya shiru yana jiƙewa, a yi ta kira ya ƙi shiga, ya ce a bar shi tukuna.