Katangar Kwanon Da Ɗahiru Ya Yi Don Idona

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Ɗahiru makwancinsa, a ƙarshen damina, masara ta fara bushewa a gonakin Dayi. Yawancin masu karatu ba su san shi ba. Ba attajiri ba ne, ba malami ba ne. Mai walda ne a bakin titi, ni kuma tela ne, ƙofar shagona na kallon tasa, tsakaninmu taku goma bai cika ba. Mun haura shekara ashirin muna buɗewa tare muna rufewa tare. Ni allura na sani, ban saba da rubutu a jarida ba. Amma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji tun rasuwarsa, bana kuwa faɗarta ta zama dole, domin ɗansa Sabi'u, wanda ya gaji shagon, ya fara wani irin tari da kunnena ya sani.

Ɗahiru ɗan gidan maƙera ne. Kakansa garma da lauje yake ƙerawa a ƙarƙashin rumfa, iska na shiga ta kowane gefe. Shi kuma da ya tasa sai ya tafi Funtuwa ya koyi walda, ya dawo da injinsa. Idan damina ta kusa, ƙofar shagonsa cika take yi da garmar shanu da amalanke, daga baya injinan sussuka suka shigo. Daga Malumfashi ake zuwa, daga ƙauyukan Dandume ake zuwa, Musulmi da Maguzawa, kowa da karyayyen ƙarfensa. Bai taɓa yarda manomi ya koma gida da karyayyiyar garma a lokacin huɗa ba, ko da kuwa abincinsa zai huce a kwano. Ina kiransa Sarkin Wuta, yana kirana Tela, kamar ba ni da suna. In ka ce masa ya yi hankali da aikin nan, sai ya yi dariya ya ce shi gado ya yi, wuta ba ta cin ɗan maƙera. Wuta kam ba ta ci shi ba, ban taɓa ganin ƙuna mai tsanani a jikinsa ba.

Da farko a fili yake aikinsa, rufi ne kawai a kansa. Ni kuma keken ɗinkina a bakin ƙofa yake saboda haske, fuskata na kallonsa. Duk sanda ya ɗora sandar walda a kan ƙarfe, walƙiyar nan a idona take sauka. Da yamma sai in ji kamar an zuba mini yashi a ido, zare ya ƙi shiga allura. Ran nan haushi ya kama ni, na ɗaga murya na ce, "Sarkin Wuta, makantar da ni, in ga wanda zai ɗinka maka kayan Sallah." Wasa ne rabi, gaskiya rabi. Ya ci gaba da aikinsa. Kwana biyu a tsakani na zo da safe na tarar ya samo tsofaffin kwanukan rufi, ya kewaye shagon gaba da gefe biyu, tun daga ƙasa har sama, bai bar komai ba sai wata 'yar ƙofa a gefe. Ya leƙo da baƙin tabarau a goshi ya ce, "Tela, ga idonka na mayar maka."

Kaf layin nan an yaba masa, ni na fi kowa. Na ɗinka masa riga da wando na shadda, na hana shi ko da maganar biya. Sannan na ɗaukar wa kaina wani aiki. Kowa ya sani a ƙasar nan, mai walda in ya tashi aiki madara yake sha, wai tana wanke hayaƙin da ya shaƙa. Haka muka taso muka tarar ana faɗa, ba mu taɓa tambayar wa ya fara faɗa ba. Sai na mayar da ita hakkina. Kullum bayan La'asar zan karɓo gwangwanin madara wajen mai shayi, ranar da matan Fulani suka biyo da sabuwar tatsa kuwa ita nake saya masa. Zai fito daga cikin kwanon nan hayaƙi na bin bayansa, ya fyace hanci baƙi ƙirin, ya yi kaki shi ma baƙi, ya kafa kai ya shanye, ya bugi ƙirji ya ce, "Ya sauka." Ni kuwa in koma kekena raina fari, ina ganin na rama alheri.

Rashin sani ya fi dare duhu. Akwai farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda ake tankin ruwa da bututun famfo da shi. Duk ranar da ya yi aikinsa, kafin Isha'i zazzaɓi ya rufe shi, jiki na rawa, ya ce bakinsa ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Mu ce sauro ne, a sayo magani. Kwana ɗaya ko biyu ya warware, mu yabi maganin. Ashe hayaƙin farin ƙarfen ne ke kawo zazzaɓin, kuma da kansa yake sauka. Daga nan tari ya zauna. Muka ce sanyi ne. Da ya ƙi tafiya aka fara raɗa cewa tarin fuka ne, wasu har suka daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Aka gwada a Malumfashi, ba shi ba ne. Mutumin da yake ɗaga gindin amalanke shi kaɗai ya koma sai ya tsaya sau biyu tsakanin shago da masallaci, yana dafa bango yana neman numfashi.

Ni na raka shi asibiti a Zariya. Likitan ya duba hoton ƙirjin ya daɗe, sannan ya tambayi sana'arsa, ya kuma ce ya kwatanta masa wurin aikin. Ɗahiru ya kwatanta. Likita ya ajiye biro ya ce, "Wa ya ba ka shawarar rufe shi haka?" Ina zaune a gefensa, gwiwata na taɓa tasa. Ɗahiru bai dube ni ba. Ya ce, "Ni na ga dama."

Na yi ta maza na ce ai yana shan madara kullum, ba fashi. Likitan bai yi mini dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Baba, madara ciki take zuwa, hayaƙi huhu yake zuwa. Hanyarsu ba ɗaya ba ce." Ya yi mana bayani cewa hayaƙin walda ba irin na itace ba ne. Ƙarfe ne da ya ƙone ya zama ƙura wadda ta fi gari laushi, tana wucewa can ƙasan huhu ta zauna, kuma abin da ta lalata a shekaru ba ya komawa yadda yake. Bai ce katangar ce kaɗai ba, ya ambaci daɗewa a aikin, da fentin da ke ƙonewa a jikin tsohon ƙarfe, da hayaƙin janareta. Amma ni katangar kawai na ji. A mota muna dawowa Ɗahiru ya dafa hannuna ya ce kada in sa wa raina komai, shi ma bai sani ba. Bai sake buɗe shagon ba. Ya yi kusan shekara biyu yana fama, barci ma a zaune yake yi, har Allah ya karɓi abinsa.

Na sani ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma na yi imani da haka. Amma Allah ya halicci sababi, ya kuma ba mu hankali. Shekara goma sha ɗaya ina jin kunyar wannan kwano. Da na sani ƙeya ce, a baya take, ni kuwa tawa a gabana take tsaye, kullum ina ɗinki ina kallonta.

Nakan tambayi kaina me Ɗahiru zai ce da ya ga yau. Zai yi murna, na tabbata, domin sana'arsa ta bunƙasa. Daga Funtuwa zuwa Malumfashi ba ka wuce gari ba ka ga walƙiya a bakin titi ba: ƙyauren gida, tagogi, ƙafafun tankin ruwa, gyaran keke mai ƙafa uku. Zai yi mamakin hular waldar nan da gilashinta ke yin duhu da kansa, ya karɓa ya jujjuya ya ce ina ma. Amma in ya dubi hancin samarin, zai ga babu abin da ya sauya. Kowa na kare ido, domin ido a ranar yake kai ƙara. Huhu kuwa shiru yake yi, shekara goma, sha biyar, sai ranar da ya gaji. Wasu sun ɗaura hankici, wasu tsohon takunkumin yadi na zamanin korona, alhali ƙurar nan ratsa yadi take yi kamar babu shi. Ni tela ne, na san abin da yadi ke iya tarewa. Kuma har gobe mai shayi na cinikin madararsa da yamma.

Sabi'u yana makaranta mahaifinsa ya rasu. Da ya gama sai ya bi sawunsa, ya koyi walda a Funtuwa, shekara biyar da suka wuce ya dawo ya buɗe shagon da ke kulle. Ranar da na sake jin ƙarar injin nan sai da na yi hawaye. Kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma ya gaje shi, har yadda yake sunkuyar da kai a tsakiyar hayaƙi don ya ga bakin ƙarfe. Na ga katangar tana nan, na san abin da take yi, amma bakina ya yi nauyi. In na ce ya cire ta, sai na faɗi dalili, in na faɗi dalili kuwa na ce wa maraya da hannuna a ciwon ubansa. Sai in riƙa kewaye-kewaye, in ce, "Sabi'u, a riƙa fitowa ana shan iska." Ya ce, "To, Baba." Wannan ba nasiha ba ce, tsoro ne, kuma na san tsoro ne.

A watan jiya tarin ya fara. Busasshe, mai zurfi, ya fi ƙarfi bayan aiki. Ina kan keke na ji shi sau uku a jere, ƙafata ta tsaya da kanta. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Yaron nan yana da mata da 'ya'ya biyu, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Na tashi na tsallaka, na sunkuya na shiga ta 'yar ƙofar. Minti biyu ban yi ba maƙogwarona ya kama ɗaci. Na sa ya kashe injin, muka fito, na gaya masa komai: wasan da na yi, da madarar, da tambayar likita, da amsar da mahaifinsa ya bayar. Ya saurara kansa a ƙasa. Da na gama ya ce, "Baba, ai na san don wa ya yi ta. Ya faɗa mini tun ina yaro. Ni ma zafin ciki na damuna, amma na ce ba ni zan rushe abin da ya yi maka ba."

Ashe shekara biyar ina yin shiru don kunyarsa, shi kuma yana shaƙar hayaƙi don kunyata. Na ce ya ɗauko guduma. Ya ce, "Hasken fa, Baba?" Na ce wannan matsalata ce.

A ranar muka ɓamɓare kwanukan. Guda biyu kawai ya bari, ya yi musu ƙafa, yana gitta su ta wajen titi saboda idon masu wucewa, sama a buɗe ƙasa a buɗe. Yanzu yana tsayawa yadda iska za ta kwashe hayaƙin ta gefe, ya daina cusa kai a cikinsa, yana kankare fenti da maiƙo kafin ya ɗora wuta. Janareta ya koma can baya. Ya sayo takunkumin roba mai tace iska a Funtuwa, irin wanda ke kama fuska tsam, yana ƙorafin zafi, ina yi masa faɗa. Ya yi mini alkawari ba zai shiga cikin tanki ya yi walda ba sai da abin da ke jan hayaƙin waje. Na raka shi asibiti a Malumfashi, kafin likita ya tambaya na riga na faɗi sana'arsa. An ba shi magani, an ce ya dawo a sake dubawa. Ban san abin da za a ce ba, ina dai roƙon Allah ya sa mun yi da wuri. Madara kuwa ya ci gaba da sha in yana so, abinci ce mai kyau, amma na ce kada ya sake kiranta magani a gabana.

Me ya rage na Ɗahiru? Garmunan da ya ɗinke suna nan suna huɗa a gonakin mutanen da ma sun manta wanda ya gyara su. Katangarsa ta tafi, kuma ina jin da zai ga haka shi zai fara miƙo guduma. Abin da ya rage shi ne halin da ya sa ya kafa ta, da halin da ya sa ya ce wa likita shi ya ga dama. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi iskar Aljanna.

Ni kuma na juya kekena. Yanzu bango nake kallo, bayana na wajen titi, abin da ya kamata in yi tun ranar farko, aikin da bai fi minti biyar ba. Masu kawo ɗinki na tsokanata, wai Tela ya yi fushi da duniya. In Sabi'u ya ɗora wuta, ina ganin walƙiyar na rawa a jikin bangon da ke gabana, ba ta taɓa idona. Sai in sassauta ƙafa a kan keke, in kasa kunne, in ji ko zai yi tari.