Aro Daga Motar Auta

Mutanen layin sun fi sanin tafin ƙafar Dabara a kan fuskarsa. Duk wanda ya fito da safe zai tarar da ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar a-kori-kura, ɗaya da silifa, ɗaya babu, sai ya gaishe su ya wuce. Ƙafafun kuma su amsa, wani lokaci har su tambayi lafiyar iyali.

Tun yana saurayi aka laƙaba masa Dabara, saboda ba ya yarda abu ya mutu a hannunsa. Motar ya saye ta da tsufanta, ya ɗora mata nasa shekarun a kai. Da ita yake ɗaukar bulo da yashi da buhunan 'yan kasuwa, da kayan waɗanda mai gidan haya ya gaji da ganinsu. Da ita ya ciyar da gida, ya sa yara makaranta. Bai taɓa kai ta gareji ba. Yakan ce bakanike shi ne mutumin da zai buɗe maka inji ya rufe, ya bar notuna zube a ƙasa, ya ce maka ai dama kamfani ne ya sa su don ado.

Shi komai da hannunsa yake yi. Ƙofar direba da waya ake ɗaure ta. Fitilar hagu ta wata mota ce daban, shi ya sa in ta doso ka sai ka ga kamar hararar ka take. Ya ƙara mata sifirin a baya, ya sa mai waldan bakin layi ya ɗaga mata bodi da ƙarafa, har ta riƙa ɗaukar kayan da in wanda ya ƙera ta ya gani sai an yayyafa masa ruwa. Matarsa kuwa ta daɗe da haƙura da robobinta. Duk wadda ta ɓata a kicin, ta san inda za ta same ta: ƙarƙashin inji, cike da baƙin mai.

Dabara yana da ƙane guda, Auta. Shi ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa tuƙi, da ranƙwashi da komai. Auta ya yi ta tari har ya sayi tasa a-kori-kurar, fara sol. Kamfani ɗaya ne ya ƙera ta da ta yayansa, sai dai ita ƙanwa ce, ta fito bayan waccan da 'yan shekaru. Bai gama morarta ba aka ɗauke shi aikin tuƙi a wani kamfanin gina hanya, can nesa, inda sai an kwana a tafe. Ranar tafiya ya shigo da ita filin bayan gidan yayansa, ya cire kan batir, ya lulluɓe ta da tamfol, ya miƙa makulli.

"Yaya, ga amana. In can ta yi daɗi, shi ke nan. In ba ta yi ba, ina da abin da zan dawo in kama."

"Kai dai tafi," in ji Dabara. "Ko ƙuda ya sauka a kanta sai ya yi mini bayani."

Da batir aka fara. Wata safiya nasa ya ƙi tashi, ga mai bulo yana jira. Kuma kowa ya san batirin da aka ajiye ba a amfani da shi mutuwa yake yi, don haka ɗaukarsa ma taimakon Auta ne. Daga nan sai tayoyi, domin tayar da ta daɗe a tsaye tsagewa take. Ya cire su, ya ɗora motar a kan bulo, ita ma ta huta. A wurin masu tsofaffin motoci wannan ba abin kunya ba ne. In mota tana tsaye, wata irinta tana aiki, ana ɗan cire wani abu a nan a sa a can, kuma ba wanda ke kiransa ɗauka. Aro ake cewa. Dabara ya ari fanbel. Ya ari kafireto. Da zafi ya matsa ya ari lagireto. Da bayansa ya fara ciwo ya ari kujera.

Matsala ɗaya ce. Kayan ƙanwa ba sa zama daidai a jikin yayarta. Wani ya fi tsawo kaɗan, wani hudarsa ta kauce. Sai ya saɓa su zuwa wurin mai walda, a yanke nan, a huda can, a lanƙwasa wancan.

"Dabara, wannan in na yanke ba ya komawa fa," in ji mai walda, yana ɗage baƙin gilashinsa.

"Yanke, malam. Hannun da ya yanke ai shi zai haɗa."

Auta yakan bugo waya jefi-jefi. Bayan gaisuwa, tambayarsa ɗaya ce. "Yaya, ya mutuniyar?"

"Tana nan. Jiya ma na leƙa ta."

Matarsa, in tana kusa, sai tari ya kama ta. Da ya ajiye wayar ta ce, "Ka leƙa ta kam, Maigida. Da sifana a hannu."

"Ke, zan mayar. Sababbi ma zan sa masa."

Kada a zalunce shi, niyyar yana da ita, mai kyau, sabuwa fil. A duk kayan da ya mallaka ita kaɗai ce ba ta taɓa lalacewa ba, don bai taɓa amfani da ita ba. Shekaru suka yi ta tafiya. Tamfol ya fara lotsawa ta gaba, sai ya cusa kwalaye da tsofaffin jarkoki a ƙarƙashi, motar ta dawo da ƙibarta. Kajin gidan suka gane wurin, suka mai da shi ɗakin haihuwa.

Wata la'asar Auta ya yi sallama. Kamfanin ya rufe, an sallame su duka. Ya rame, ya yi baƙi, ga wani tari da ƙurar hanya ta bar masa. Ya yi aure a can, ya sauke matar da yara a wani ɗakin haya a ƙarshen gari. Aka ba shi ruwa ya sha, aka yi gaisuwa, aka tambayi bayan rabuwa. Sai ya miƙe yana murmushi.

"Bari in gaida mutuniyar. Gobe nake so in fara fita, Yaya. Yara na jira."

"Ka huta tukuna mana. Ga abinci ana zubawa."

Ina! Har ya zagaya baya. Ya kama bakin tamfol ya ja. Kaza ta tashi da kuka ta bi ta kansa, jarkoki suka gangaro. Abin da ya rage farin bodi ne zaune a kan bulo, ba kujera, ba sitiyari, ba fitila, gaban kuma rami ne da wayoyi ke lilo a ciki. Auta ya daɗe yana kallo, tamfol a hannunsa. Da ya juyo, muryarsa a hankali ta fito.

"Yaya, ɓarayi ne?"

Ƙofar tsira Auta ya buɗe masa, kuma Dabara ya gane. Amma duk dabararsa bai iya wannan ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Aro ne."

Auta ya fita ƙofar gida inda tsohuwar take, ya ɗaga bonet. Ya riƙa nunawa da yatsa. "Wannan nawa ne. Wannan ma. Wannan ni na saye shi da hannuna." Ya leƙa ciki. "Har kujerar, Yaya?"

"Bayana ne ya matsa."

Matar Dabara ta fito da mayafi a kafaɗa. "Ku saurare ni ku biyun. Wannan da ke tafiya, rabinta nasa ne, rabinta naka. Ku riƙa fita da ita, yau kai, gobe shi, har Allah ya kawo mafita."

Maganar hankali ce, shi ya sa ba wanda ya ɗauka.

"Matar Yaya, ni ban zo roƙon tuƙi ba," in ji Auta. "Abin da na bari nake so."

Wannan kalma ta soki Dabara a inda ba ya son taɓi. Yaron da ya koya wa riƙe sitiyari ne yake masa kallon ɓarawo a gaban matarsa. Ya ɗaga kai. "Aro na ce, kuma zan mayar. Komai, har noti. Gobe ka zo da kayan aiki a jikinka."

"In ka kwance ta, me za mu ci?" in ji matar.

"Kwana biyu ne. Ki zuba ido."

Washegari aka fara. Wa da ƙane, kowa a ƙarƙashin tasa motar, ba mai ce wa wani komai sai "miƙo sifana". Dabara yana kwancewa, Auta yana ɗauka yana kaiwa baya. Lagireto ya ƙi zama, don an yanke ƙafafunsa. Kafireto ya zauna yana rawa, an faɗaɗa hudarsa. Kujera an yi mata waldar wasu ƙarafa da ba su san farar mota ba. Wayoyi kuwa Dabara ya yanka ya haɗa ya naɗe su duka da baƙin salatif, yanzu shi kansa bai san wacce ke zuwa fitila wacce ke zuwa ham ba. Suka kwashi kayan zuwa wurin mai walda.

Mai walda ya juya lagireton a hannu. "Ina guntayen da muka yanke?"

"Ai a nan na bar su."

"A nan? 'Yan gwangwan sun kwashe tun ɗanka na ƙarshe yana rarrafe. To naka tsofaffin da ka cire fa, ina suke?"

Dabara ya karɓi lagireton. Su ma 'yan gwangwan ne suka kwashe.

Sai aka ce to a mayar wa tsohuwa kayan, ko ita ta tashi. Amma ƙarfen da ya shekara a wuri ɗaya ba ya son a tashe shi. Wajen kwancewa notuna sun karye a cikin inji, wani bututu ya tsage, abin da ya fita lafiya ya ƙi komawa lafiya. Kwana biyun suka zama makonni. A ƙarshe gidan ya tashi da gawa biyu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya, da tarin ƙarafa a tsakani da kowa ke tuntuɓe da su.

Ran nan da rana tsaka Auta ya fito daga ƙarƙashin farar, ya goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa. Ya yi tari ya huta.

"Yaya, da ka ce mini ɓarayi ne, da na fi samun barci."

Ya tafi. Bai sake zuwa ba, wayarsa ma ta daina shiga.

Masu bulo suka koma wa wasu direbobi. Matar Dabara ta kafa tebur a ƙofar gida tana sayar da sabulu da ashana, ba ta ce masa komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Shi kuwa ya koma ƙasa. Wannan karon ƙarƙashin farar ya shiga. Ya yanke shawarar haɗa mota ɗaya daga biyun, kuma ta Auta ce za ta tashi. Ya riƙa yankar jikin tsohuwarsa yana yi wa ƙanwar ƙafafu da maƙalai. Ranar da mai walda ya sa wuta a bodin tsohuwar, wanda shi ya ɗaga mata, Dabara ya ce fitsari yake ji, ya zagaya, bai dawo ba sai da aka gama.

Damina ta zo ta wuce a kansa. Hannuwansa suka tsattsage, gemunsa ya yi fari. Wata safiya farar mota ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama. Abu ɗaya ya gagara: sitata ta ƙone wajen gwaje-gwaje, don haka sai an tura take tashi. Maƙwabta suka tura, suna ihu kamar su suka haɗa ta. Ya wanke ta da sabulun teburin matarsa, ya sa rigarsa mai kyau, zai kai wa Auta motarsa.

"Ka tafi da kuɗin mota na dawowa," in ji matar.

"Na me? Shi zai dawo da ni. Ni a gefe zan zauna, in ga ko har yanzu yana taka kuloci kamar mai kashe kunama."

Ya bi ta tsakiyar gari a hankali, yana sauraron injin kamar mai sauraron numfashin majinyaci. Da tambaya ya gane gidan, wani dogon gidan haya mai ɗakuna a jere. Ya tsaya a ƙofa, bai kashe mota ba, ya danna ham. Wata mata ta leƙo da kumfa a hannu.

"Sannu, baiwar Allah. Direban nan nake nema, siriri, mai mata da yara."

"Mai tarin nan? Ai sun tashi tun kafin ruwa ya ɗauke. An ce ya sami tuƙin tirela a wani gari."

"Wane gari?"

"Wallahi ban sani ba."

"Bai bar sallahu ba? Bai ce in yayansa ya zo a faɗa masa wani abu ba?"

Matar ta dube shi, ta dubi motar. "Ashe yana da yaya?"

Dabara ya zauna riƙe da sitiyari, injin yana kaɗa shi a kan kujera. Layin shimfiɗe yake, ba gangare ko kaɗan, kuma ba fuskar da ya sani a cikinsa. Matar ta shiga, ta ɗan jima, ta sake leƙowa tana kore hayaƙi da hannu.

"Malam, ka kashe motar mana. Hayaƙi yana shigo mana ɗaki."

"In na kashe ba ta tashi."

"To ka matsa gaba."

Ya taka kuloci, ya sa giya, ya matsa gaba.