Silverio da Cinyar Zomo

Ku matso inuwa, ku gyara zama. Wanda bai ci abinci ba ya je ya ci ya dawo, don labarin Silverio ba a jin sa da yunwa.

Silverio shi ne mai raba wasiƙu a tsibirinmu. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya fito da guzuri daga gida. Tsibirin nan duka, in mutum ya sa kai, cikin awa biyu ya zagaye shi da ƙafa, amma Silverio yini yake yi, domin shi ba lambar gida yake bi ba, hancinsa yake bi. Da hantsi yana bakin ruwa, daidai lokacin da matan masunta ke tsame ƙananan kifi daga mai, sai ya tuna ashe akwai wasiƙarsu. Kafin rana ta take ya hau tudu wajen masu miyar wake, waɗanda ke shimfiɗa busasshen burodi a gindin kwano su kwarara man zaitun a kai. Da yamma yana ƙofar kogon wani manomi, inda farar giyar inabi ke kwance cikin sanyin dutse, yana cewa, "Rabin kofi kawai, ina bakin aiki." Wasiƙar da ta iso ranar Litinin, in mai ita ba ta ɗora tukunyar kirki sai Alhamis, to wasiƙar nan za ta huta a jaka har Alhamis. Kowa ya sani, ba mai ƙorafi. A wurinmu mai girki ba abin da take so kamar mutumin da zai kai loma ya lumshe ido, Silverio kuwa ya iya lumshe ido.

Da haka ya tara tumbi mai daraja, da farin jini a kowane gida. Gida ɗaya ne kawai bai san darajarsa ba, gidan surukarsa, Donna Restituta.

Ruwa ya kewaye mu ta ko'ina, amma in Lahadi ta yi ba mai waiwayar kifi. Zomo ake ci. Donna Restituta kuwa a zomo ba ta da na biyu. Tukunyar ƙasa take ɗorawa, ta soya naman da man zaitun da kan tafarnuwa guda ba a ɓare ba, ta kwarara masa farar giya, sannan ta matse ƙananan tumatir da hannu, ta jefa barkono da ganyen tudu mai ƙamshi. Romon a zuba kan taliya a fara da shi, naman ya biyo baya. Kuma ba mai miƙa hannu cikin tukunya. Uwar gida ke rabawa, abin da ta sa maka a faranti shi ne matsayinka a gidan. Cinya ɗaya tata ce, ɗaya ta mijinta Ciro. 'Ya'yanta biyu, Nunzia matar Silverio da ƙanwarta Filomena, su raba gadon baya. Aniello mijin Filomena, wanda ya yi shekaru a manyan jiragen ruwa ya dawo da agogon zinariya da dogon baki, shi ke cin ƙafafun gaba. Silverio kuwa, tun ranar da ya shigo gidan da sunan suruki, wuya da haƙarƙari.

"Yaya Silverio, a yi a hankali," in ji Aniello kowace Lahadi, yana ɗaga ƙafar zomo kamar tuta. "Kada naman ya yi maka yawa ka kasa tashi."

"Ci naka, matuƙin jirgi. Kusa da ƙashi daɗi yake."

"Ai kai ka wuce kusa da ƙashi, ƙashin kake ci."

Silverio ya yi dariya tare da kowa, amma abin na cin sa. Mutumin da gari guda ke ajiye masa kujera, a ce a gidan matarsa tsotsar wuya yake yi! In sun fito ya ce da Nunzia, "Ni ne fa babban suruki." Ita kuma ta ce, "To je ka gaya wa Mama." A nan maganar ke mutuwa, don ba a haifi mai gaya wa Donna Restituta yadda za ta raba tukunyarta ba.

Da Ciro ya rasu, sai ido ya koma kan cinyar zomon da ake ba shi. Shekara guda cur tsohuwar tana naɗe ta a tsumma mai tsabta tana aika wa Fada, limamin coci, mazan biyu suna raka farantin da ido har ƙofa. Ranar da shekara ta cika, maƙwabcin da ke kamo mata zomaye ya koma wajen ɗansa a birnin Napoli. Tsohuwar ta share baki bayan abinci ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ciro dai da hannunsa yake kamo abin da zai ci."

Kowa ya gane. Nan take Aniello ya dafa ƙugu ya ce tsohon ciwon bayansa na jirgi ya motsa. Silverio ya ajiye kofi ya ce, "Mama, Lahadi mai zuwa ni zan shiga."

Zomayenmu ba a keji suke ba. Rami ake haƙa musu a bayan gida, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, su kuma su fafe hanyoyinsu cikin ƙasa su yi ta haihuwa a can. Daga sama ake jefa musu ciyawa. In ana son kamu, sai a jira su fito ci, a saki wani katako da igiya ya toshe bakin hanyar, sannan mutum ya sauka da tsani ya zaɓi nasa.

Da safiyar Lahadi Silverio ya tsaya bakin ramin ya naɗe hannun riga. Nunzia ta dubi tsanin, ta dubi mijinta.

"Tsanin Baba ne fa. Baba kuwa kamar sillen kara yake."

"Itacen dā ne, ba irin na yanzu ba."

"Shi ne abin da nake faɗa maka, na dā ne."

Ya sauka, tsanin na kuka kamar ana yi masa kaciya. A ƙasa aka sha fama. Zomo ya bi ta tsakanin ƙafafunsa, ya juya, wani ya bi ta baya, ya faɗi a kan ciyawa ya tashi da ganye a gashi. Aniello, da ciwon bayansa bai hana shi leƙe ba, yana daga sama yana ba da umarni.

"Ta hagu! Ba wannan ba, wancan mai ƙiba, ɗan'uwanka!"

A ƙarshe Silverio ya rufa da ciki a kan wani ƙaton toka-toka, ya damƙe shi. Nunzia ta zuro kwandon da ake sauke wa mai burodi daga bene, ya sa zomon a ciki, ta ja. Ya karkaɗe wando, ya kama tsani da fuskar wanda ya ci yaƙi. Matakala ta farko ta ɗauke shi, ta biyu ta yi haƙuri, ta uku ta ce ba da ita ba. Ta karye, ta biyu ta bi ta, gefen tsanin ya tsage, Silverio ya dawo ƙasa zaune daɓas.

Ko ƙwarzane bai yi ba, amma fita ta gagara. Aka zuro igiya, Nunzia da Filomena suka ja har fuskokinsu suka yi ja, bai ko ɗaga daga ƙasa ba. Aniello ya ce shi da ya taimaka, amma likita ya hana. Dogon tsani ɗaya ne a wannan gefen tsibirin, na coci, yana kulle a hannun Tobia mai buga ƙararrawa, Tobia kuwa ba ya motsi sai an tashi daga addu'a. Donna Restituta ta leƙo ta ce, "Ka ji ciwo?" Ya ce a'a. Ta ce, "To madalla," ta karɓi zomon ta nufi kicin.

Da aka tashi daga coci Filomena ta bi Tobia gida, ta tarar har ya zauna ya cusa tsumma a wuyan riga, matarsa na juye taliya.

"Ya karye?" in ji Tobia.

"Bai karye ba."

"Akwai jini?"

"Babu."

"Rana na dukansa?"

"Akwai inuwar ɓaure."

"To, ki ce masa bayan abinci."

Filomena ba ta ga aibun wannan magana ba, ku ma da a nan aka haife ku ba za ku gani ba. Gobara ce kaɗai ke tayar da mutum daga teburin Lahadi, ita ma sai an tambayi gidan wa. Bayan abinci kuma akwai barci, shi ma ba a taɓa shi.

Silverio na zaune kan guntun tsani lokacin da ƙamshi ya fara gangarowa cikin ramin. Tafarnuwa ta fara isowa, sannan ya ji cuuu na giya a kan mai zafi, sannan tumatir. Teburin yana ƙarƙashin rumfar inabi, taku ashirin daga ramin, yana jin ana jan kujeru. Ƙarfe ɗaya daidai ya ji muryar surukarsa: "Na zuba taliya! Taliya ba ta jiran kowa."

"Mama! Ni fa?"

Sai ga kwando yana saukowa a hankali. Farantin taliya da romo, cuku a barbaɗe, burodi, da ƙaramar kwalbar giya mai raɓa a jiki. Ya ci, ya share farantin da burodi, kwando ya hau. Da kwandon ya sake saukowa, faranti a rufe yake da wani farantin. Ya ɗaga murfin.

Cinya. Guda, mai sheƙi, tana tururi, da ɗan tumatir a manne a gefe.

Ya miƙe tsaye da farantin a hannu. "Nunzia! Wa ya ga abin da aka sa mini?"

"Mama ce ta rufe a kicin," in ji Nunzia, tana ɗaure igiyar a ɓaure. "Bari in koma, nawa na hucewa."

"Aniello! Aniello, zo ka gani!"

Daga nesa, da baki cike, Aniello ya amsa: "Ina cin abinci, Yaya! In wuyan ya yi tauri ka ba maƙwabtanka!"

Nan Silverio ya gane halin da yake ciki. Shekara talatin yana jiran cinyar nan, ba don ciki ba, don ya ɗaga ta a gaban agogon zinariyar nan ya ciza a hankali. Ga ta ta zo, shaidunsa kuwa zomaye ne biyu da ke leƙensa ta tsagar katako. Ya yanke shawara zai rufe ta ya ajiye har a fito da shi, ya hau da ita a hannu kowa ya gani. Ya rufe. Ya buɗe ya duba. Ya sake rufewa. Ƙamshin na fitowa ta gefen faranti yana shiga masa har ƙwaƙwalwa.

Inuwa ta faɗo masa. Donna Restituta ce, da sandarta, tana kallonsa daga sama.

"Me kake jira?"

"Mama, so nake in na fito..."

"Zomona ba a cin sa da sanyi. In ka bari ya huce, turo mini abina in kai wa Fada."

Ta juya ta tafi. Silverio ya dubi sama, ya dubi faranti, ya zauna. Da hannu ya ɗauka. Naman ya saki ƙashi ba gardama, romo ya bi masa yatsu har gwiwar hannu, ɗacin ganye da zaƙin tumatir da ɗan yajin barkono suka haɗu wuri ɗaya. Ya kurɓi giya, sanyinta ya wanke hanya, ya sake kai ciza. Ba mai yi masa magana, ba mai ƙirga masa loma. Ya lumshe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Da ya gama ya tsotse ƙashin tas, ya goge shi da hankici, ya sa a aljihun riga.

Sai wajen ƙarfe huɗu da rabi Tobia ya iso da tsani, rabin unguwa na biye da shi, kowa ya ƙoshi ya yi barci ya fito neman abin kallo. Silverio ya hau, kafin ma ya gaisa da kowa ya zaro ƙashin ya ɗaga sama.

"Ku shaida! Wannan ƙashin mene ne?"

"Na cinya ne," in ji Tobia, bayan ya juya shi da kyau.

"Ramin zomo a rasa ƙashin zomo?" in ji Aniello. "Tsinta ya yi. In ma an ba shi, abin da aka zura wa mutum a rami ai sadaka ce, ba sarauta ba."

Gardama ta kaure, wasu na bayan wannan, wasu na bayan wancan, har hayaniya ta tashi Donna Restituta daga barci. Ta fito tana gyara ɗankwali.

"Ni na ba shi," ta ce. "Wanda ya kamo shi ke ci. Aniello, gobe ka je wajen kafinta ka yo tsani mai ƙarfi, tunda bayanka ba ya hana ka tafiya. Kai kuma Silverio, ciyawa kullum da safe, rami kowace Lahadi."

Haka kuwa aka yi. Yau shekara tara ke nan Silverio na zaune a kujerar Ciro, yana ɗaga cinya a gaban Aniello yana ciza a hankali, wasiƙun gari kuma sun ƙara makara saboda yankan ciyawa. Sai dai wata rana a ƙofar kogon giya, bayan rabin kofi na uku, ya rage murya ya ce mini tukunyar ita ce, hannun shi ne, amma har yau bai sake cin cinyar da ta kai ta cikin rami ba. A tebur, in ji shi, rabin hankalinsa na kan fuskar Aniello, kafin ya ankara ya cinye bai ji komai ba. Har ya taɓa tunanin ya roƙi Nunzia ta zura masa farantin da kwando, amma ya san in ya bar kujerar nan minti biyar, zai dawo ya tarar da mai ciwon baya a kai.

To ku da kuka ji, in ku ne Silverio, ina za ku zauna Lahadi mai zuwa, kan kujera ko cikin rami?